Saniyar da ke Damtsen Yero

Tun tana ƙarama Tasallah ba ta iya ganin abu a kife ta wuce ba ta ɗaga shi ba. A rugar mahaifinta Yero, can bayan Lafagu, har suna suka sa mata, 'Yar Don-mi, saboda ba a gama ba ta amsa sai ta sake jefo wata tambayar. Da suka gaji da ita, wata gwaggonta ta tafi da ita Birnin Kebbi, ta yi boko, ta koyi aikin lafiya. Yanzu ga ta a Illo, tana bin gida-gida da kular sanyaya magani a rataye tana yi wa yara rigakafi, kuma halin nan nata bai bar ta ba.

Lokacin kuwa ba mai daɗin aikin ba ne. Shekaru kaɗan ke nan da ƙaddamar da Shari'a a Kebbi, mutane sun buɗe ido suna son sanin halal da haram na duk abin da zai shiga jikinsu, ga kuma jita-jitar ɗigon shan-inna ta cika gari. Kowace majalisa da irin nata labarin. An sha rufe wa Tasallah ƙofa, ta haƙura. Ƙofar da ta fi ci mata rai ita ce ta gidansu. Yero ya ce ita tana iya shigowa duk lokacin da ta ga dama, ɗiyarsa ce, amma kularta kada ta kuskura ta tsallake shingensa.

Shi Yero ba mai bin maganar majalisa ba ne, rediyo ma in ya dame shi kashe shi yake yi. Hujjarsa guda ce, kuma tasa ce ta kansa. "Mai lahiya ba ya shan magani," in ji shi. "Kun ce magani na. To maganin mi, ga yaro yana wasa? In an tambaye ku mi ka ciki, sai ku yi ta murmushi."

Gaskiyarsa, murmushin suke yi. An ja musu kunne a wurin aiki cewa su ce kariya ce, su ce magani ne, kada wanda ya tsaya dogon bayani, don kada wata kalma ta kuɓuce ta zama sabuwar jita-jita.

Abin da ya hana Tasallah sakat shi ne Husna, 'yar yayanta marigayi, yarinyar da ba ta daɗe da barin nono ba, ko allura ɗaya ba a taɓa yi mata ba. Bazara ta matso, ciyawa ta ƙare, kuma da an ci kasuwa mai zuwa Yero zai kwashi shanu da iyali su tsallaka ƙasar Binin neman kiwo, kamar yadda suka saba. Tasallah kuwa ta san abin da ke can. Ƙyanda ta sauka a ƙauyukan tsallaken, ta riga ta ɗauki yara. In Husna ta tafi haka, sai dai addu'a.

Ranar da aka haɗa ma'aikatan ƙasashen biyu su yi aiki tare a bakin iyaka, aka haɗa ta da wani Muzammilu, mutumin ƙasar Dandi, malamin asibiti daga ɓangaren Binin. Dogo ne, mai son surutu, Hausarsa ta kasuwa ce mai ɗan ƙamshin Dandanci. Suna tafe a ƙafa wajen Lolo, kowa da kularsa, sai wani garke ya cika hanya, ga rana tana dukansu, ga ƙanƙarar cikin kula tana narkewa. Muzammilu ya ɗaga hannu ya yi wa shanun faɗa da Faransanci.

"Mi kac ce musu?" in ji Tasallah. "Zagi na? Ka yi hankali, dangina na."

Ya yi dariya. "Ba zagi na ba, Malama. Sunansu na kira. Vache. Saniya ke nan da Faransanci."

Da wani ne, da ya ce to, ya bar maganar nan. Ita kuwa idonta ya riga ya sauka a kan kularsa, inda aka rubuta vaccin da manyan baƙaƙe. Ta juya tata, ga vaccine da Turanci. Shekara da shekaru tana faɗin kalmar nan kullum, ba ta taɓa tambayar daga ina ta fito ba, abin har ya ba ta haushin kanta.

"To mi yas sa sunan saniyarku yay yi kama da na allurarmu?"

Muzammilu ya ajiye kularsa a inuwar wata ɗorawa. Da gani an taɓo masa inda yake so. Ya ce ai uwarsu ɗaya. A makarantarsu akwai wani tsohon malami da ba ya barin kalma ta wuce sai ya faɗi kakanta, shi ya gaya musu cewa Faransanci ɗan Latin ne, harshen Rumawan dā, wanda yanzu ba a ciniki da shi a kowace kasuwa. A wannan harshe saniya vacca ce. Faransanci ya gaje ta ya tauna ta ta koma vache. Turanci kuwa bai ɗauki sunan don ya kira saniya ba, yana da nasa, sai ya are shi ta hanyar likitoci.

"Mi yah haɗa likita da saniya?"

"Agana," in ji shi.

Ya ce a Ingila, zamanin da agana take kashe mutane, in ta bar mutum da rai ta bar shi da fuska duk ramuka, an lura mata masu tatsar nono ba ta cika taɓa su ba. Ashe akwai wasu 'yan ƙuraje da ke fitowa a hantsar saniya, su kama hannun mai tatsa, su yi kwana biyu su warke. Duk wadda ta yi waɗannan, babbar cutar sai ta tsallake ta. Sai wani likita ya ɗebi ruwan ƙurjin, ya tsaga damtsen wani yaro ya shafa. Da ya tashi rubuta abin da ya yi, ya kira shi da Latin, na saniya. Sunan ya zauna, har aka zo ana kiran duk wani rigakafi da shi, har wanda bai taɓa ganin saniya ba.

Garken ya wuce, Tasallah tana tsaye tana duban tafin hannunta. Ita ma ta yi tatsa kafin a kai ta birni. Ba ta yarda da Muzammilu ɗari bisa ɗari ba, don mai surutu ba ya rasa ƙari, saboda haka washegari ta biya makarantar sakandare ta roƙi babban ƙamus. Ga ta nan kuwa a ƙarƙashin kalmar, da ƙananan baƙaƙe, vacca. Daɗi ya kama ta har ta yi dariya ita kaɗai a ofishin mutane.

Nan take dabara ta zo mata. Yero bai yarda da gwamnati ba, bai yarda da Bature ba, bai cika yarda da ita kanta ba tun da ta fara sa takalmi mai rufi. Amma saniya, ko fitsarinta bai raina ba. In ta ce masa abin nan daga saniya ya fito, an gama. Matsalar ita ce ta san allurar ƙyanda ba ta da haɗi da saniya sai suna. Ta yi ta juya abin a ranta, ta ce ai ba ƙarya za ta yi ba, za ta dai faɗi farkon labarin ta yi shiru a kan ƙarshensa. Zuciyarta ba ta kwanta da hakan ba, amma ta shirya kularta.

Da hantsi ɗan kabu-kabu ya sauke ta a bakin ruga. Ta ajiye kular a gindin kalgon da ke wajen shinge, ta rufa mata ganye, ta yi sallama. Atika, uwar Husna, tana ɗaure ƙore da tabarmi, alamar tafiya ta zo. Ta ce mata Baba yana wajen shanu.

Ta same shi a tsugune, ƙannenta maza sun kayar da wata karsana sun danne ta. Kusa da shi akwai 'yar ƙwarya, a ciki wani abu jajaja-jajaja yana jiƙe cikin tsamin nono da dusa, warinsa ya isa ya kori mai azumi. Yero ya kama hancin karsanar, ya tsaga fatar doron hancin da 'yar wuƙa, ya yanko ɗan abin nan kamar ƙwayar gero biyu, ya cusa a ƙarƙashin fatar, ya danne da babban yatsa. Aka sake ta, ta tashi tana huci.

Tasallah ta taɓa ganin wannan tana yarinya, daga nesa, don korar yara ake yi. Ta kuma san yawancin shanun gidansu suna da wani ɗan tudu a doron hanci, ta ɗauka ado ne ko shaidar gida. Ta gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Ta zo da maganarta a shirye a baki, amma 'Yar Don-mi ta riga ta.

"Baba, mi na cikin ƙwaryar ga?"

"Huhu."

"Na wa?"

"Na saniyar maƙwabta. Ciwon huhu yak kashe ta."

Ta matso har warin ya buge ta. "Wanda yak kashe ta, shi kaka sa ma masu lahiya?"

Sai yanzu ya ɗago ya dube ta. Yero mutum ne mai tsadar magana, amma a tambaye shi shanu, sai ka roƙe shi ya tsaya. Ya ce ciwon ya shigo yankin, kuma inda za su, garkuna ke cuɗanya a mashaya. In ciwon ya shiga ta numfashi, huhu yake nufa, ya kashe. In kuwa kai ka riga shi, ka sa shi a hanci, nesa da huhu, bayan ka jiƙa shi ya yi laushi, sai wurin ya kumbura, saniya ta yi kwana biyu ba ta jin daɗi, a ƙona wurin da ƙarfe, ta warke. Daga nan ta san shi. Ko ya zo daga baya, ba ya samun ta da sauƙi.

"Ba a rasa wadda kumburin ka hi ƙarhinta," ya ce. "Amma gara ɗaya da garke."

"Wa yak koya muku?"

"Ubana. Shi ma ubanai."

Tasallah ta tsuguna a gefensa, ta manta da tsarin da ta yi, ta kwashe labarin Muzammilu kaf ta zuba masa: Rumawa da harshensu da ya mutu, vacca, mata masu tatsa, ƙurajen hantsa, likita da damtsen yaro. Yero yana goge wuƙarsa a cinya yana saurare. Da ta zo wurin ƙurajen hantsa ya gyaɗa kai, ya ce ya san su, uwarta ma ta taɓa yin su.

"Ashe suna da shanu can," ya ce. "Da masu hankali." Sannan ya nuna wajen shinge da haɓa, don ba abin da ke shiga ko ya tsaya a bakin rugarsa bai gani ba. "Wanga da kib ɓoye gindin kalgo. Shi ma na saniya na?"

Ga ƙofar da ta zo nema ta buɗe da kanta. In ta ce i kawai, sai a kira Husna. Ta dubi ƙwaryar huhun, ta dubi hannun tsohon da jini a farcensa, ta ji kunya ta rufe ta. Mutumin da ya gaya mata har da wadda ke mutuwa, shi za ta ba rabin magana?

"A'a, Baba. Suna kawai yag gada. Babu saniya ciki."

"To mi ka ciki?"

Abin da aka hana su faɗa ke nan. Amma ta faɗa. "Ƙyanda ta. Ita kanta. An raunana ta har ba ta iya kayar da yaro, sannan a sa mishi kaɗan ga damtse, jikinai shi san ta."

Ƙannenta suka dubi juna. Ɗaya ya ce subhanallahi. Tasallah ta ce a ranta shi ke nan, ta kashe maganar da bakinta, gobe duk Lafagu za a ji cewa 'yar Yero ta ce cuta suke sa wa yara.

"Ashe cuta ta," in ji Yero.

"Cuta ta, Baba."

"To don mi kunka ce magani?" Muryarsa ta tashi, har karsanar da ke kusa ta ja baya. "Shekara nawa ina tambaya! Kuna ganin mu ba mu san a sa ma mai lahiya cuta ba? Da mi kuka jiƙa ta?"

Ta ce ba jiƙawa ake yi ba, renonta ake yi a ɗakin bincike, ana ta juya ta daga wuri zuwa wuri har ƙarfinta ya ƙare, kuma shi ya sa ake riƙe ta cikin ƙanƙara, don zafi yana kashe ta gaba ɗaya ta zama ruwan banza. Ya tambaya ko tana kumbura. Ta ce wani yaron yakan yi zazzaɓi, wani 'yan ƙuraje su feso su baje. Ya tambaya ko akan rasa wani. Ta ce abu ne mai wuyar gaske, ita ba ta taɓa gani ba, amma ba za ta rantse masa cewa bai taɓa faruwa a duniya ba. Ya gyaɗa kai, wannan amsar ta fi shiga kunnensa fiye da duk murmushin da aka yi masa.

"Wancan na saniyar," ya ce can, "na agana. Ya iso ƙasar ga?"

"Ya iso. Shi na ake ce ma lamba. Ga jikin maruƙa aka renon shi."

Yero ya ajiye wuƙar. A hankali ya naɗe hannun rigarsa na hagu har kafaɗa. A damtsen akwai wani tabo mai zagaye, ya lotsa, ya yi sheƙi. Tasallah ta san shi tun tana hawa bayansa, ba ta taɓa tambaya ba, wannan ma ya kuɓuce wa 'Yar Don-mi.

Ya ce yana saurayi suka kai bijimi kasuwar Illo, shi da ƙanensa Sambo. Sai ga masu lamba sun tare hanyoyin kasuwa da dogarai, da wani ƙarfe kamar bindiga, duk wanda suka kama sai su ɗana masa a damtse. Ba wanda ya gaya musu ko mene ne. Aka cafke shi, aka yi masa. Da ya kuɓuta ya sheƙa bakin kogin Kwara, ya dirje wurin da yashi da lemun tsami har ya yi jini, don ya wanke abin da suka sa masa. Duk da haka ya kama, ya kumbura, ya bar wannan. Tun ranar yake kallon tabon nan a matsayin wulaƙanci, shaidar da ake yi wa dabbar wani.

Ya shafa shi da babban yatsa, irin yadda ya danne hancin karsanar ɗazu.

"Baffa Sambo fa?" in ji Tasallah. "Shi ma an yi mishi?"

"Sambo ya hi ni gudu."

Ba ta taɓa ganin Baffa Sambo ba. Abin da ta sani kawai shi ne agana ta ɗauke shi kafin a haife ta, da saura kaɗan a yi masa aure. Ta ga idon mahaifinta ya kaɗa, ta sunkuyar da kai don kada ya san ta gani.

Yero ya miƙe, ya wanke hannu a butar da ke gefe, ya bar hannun rigar a naɗe. "Tahi ki ɗauko ta kahin ƙanƙarar ta narke," ya ce. "Ki shigo da ita ta ƙohwa."

Ta tsallake shingen da kular. Ta tarar ya zauna a kan turmi a tsakar gida yana kiran jikarsa. "Amarya! Zo nan, mijinki na kira." Husna ta taho da gudu da ɗan ludayi a hannu, ta haye cinyarsa, tana ja masa gemu. Atika ta bar ɗaurin kaya ta matso, hannunta yana kan ƙirji.

Tasallah ta haɗa allurar, ta ɗaga ta ya gani. Ta ce Atika ta riƙe yarinyar. Yero ya ce a'a, shi zai riƙe, ba a ba wani riƙon abin da kai ka yanke. Ya rungume ta da hannu ɗaya, ya kama ɗan damtsen da ɗayan, ya yi bisimilla. Allurar ta shiga ta fita. Husna ta zaro ido don mamaki, sannan ta ƙwalla ƙara, ta ɗaga ludayin ta kwaɗa masa a goshi, ta ce ta sake shi, ba ta aurensa.

Ɗan ɗigon jini ya tsaya a wurin. Atika ta kamo bakin zanenta da sauri za ta murje shi. Yero ya tare hannunta.

"Kak ki goge," ya ce. "Bar shi shi kama."